Babi na Shida: Mai Masauki da Baƙonsa a Cikin Kwamfuta Ɗaya

Kwamfutar kwaikwayo, wadda masu sana'ar suka fi sani da haruffan VM, cikakkiyar kwamfuta ce ta fuskar aiki, tana da firosesarta mai yi mata lissafi, da ma'adanarta, da faifanta, da katin da take shiga intanet da shi, sai dai babu ko ɗaya daga cikin waɗannan sassa da za a iya riƙewa a hannu, domin wata manhaja ce ke siffanta su duka a cikin wata kwamfutar ta zahiri. Babbar manhaja, wato tsarin da ke tafiyar da na'ura gaba ɗaya irin su Windows da Linux, idan aka ɗora ta a kan waɗannan sassa na kwaikwayo takan tashi ta kama aiki kamar yadda ta saba, tana ɗaukar kanta mai gida alhali ɗaki guda aka yanka mata a gidan wani. Wannan ne ya sa ake kiran kwamfutar zahiri da babbar manhajarta mai masauki, wadda aka saukar a ciki kuma ake kiranta baƙo. Manhajar da ke tsaye tsakanin su biyun ita ce haifabaiza, kuma aikinta ya yi kama da na fatoma a tsohon tsarin fatauci, wanda yake ba falke ɗakin kwana, ya adana masa kaya, ya kuma shiga tsakaninsa da kasuwa, ta yadda duk abin da baƙon zai saya ko ya sayar sai ya bi ta hannunsa. Fatoma ba ya ƙara wa gida ɗakuna don ya yi baƙi, abin da ke akwai yake rabawa, kuma galibin matsalolin da mai kwamfutar gida ke gamuwa da su a wannan fanni daga mantawa da wannan suke tasowa.

Dabarar ta girmi kwamfutar gida nesa ba kusa ba. Kamfanin IBM ne ya fara ta a cibiyar bincikensa da ke Cambridge ta jihar Massachusetts a Amurka, inda tsarin CP-40 ya fara aiki a 1967, aka bi shi da CP-67, sannan aka fitar da VM/370 a 1972. Dalili a lokacin shi ne tsada, domin na'ura ɗaya tak ce a ma'aikata gaba ɗaya, kuma hanyar da za a gamsar da kowa ita ce a ba kowane mai amfani abin da zai yi masa kama da na'urarsa shi kaɗai. A 1974 wasu masana biyu, Gerald Popek da Robert Goldberg, suka wallafa maƙalar da ta gindaya sharuɗɗan da firosesa za ta cika kafin a iya raba ta haka. Jigon sharuɗɗan shi ne, duk wani umarni da zai taɓa ragamar na'ura dole ne ya tsaya cak idan baƙo ya bayar da shi, firosesa ta miƙa maganar ga haifabaiza ta yanke hukunci, sauran umarni na lissafin yau da kullum kuwa a bar su su wuce kai tsaye don kada aiki ya yi nawa.

Firosesocin Intel na dangin x86, waɗanda kwamfutocin gida suka ginu a kansu, ba su cika wannan sharaɗi ba. Akwai umarni goma sha bakwai a cikinsu da suke taɓa ragamar na'ura amma ba sa tsayawa, kuma misalin da aka fi kawowa shi ne POPF, wanda idan baƙo ya yi amfani da shi don ya hana a katse masa aiki, firosesa takan yi watsi da buƙatar shiru, ba ta cika ta ba, ba ta kuma sanar da kowa ba, sai baƙon ya ci gaba da aiki bisa zaton an yi masa abin da ya nema. Kamfanin VMware, wanda aka kafa a 1998 a Kalifoniya, ya zagaye matsalar a manhajar da ya fitar a 1999 ta hanyar duba umarnin baƙo kafin a zartar da su, a sauya masu haɗarin da wasu amintattu nan take. Dabara ce mai ban mamaki amma mai nauyi, kuma sai da Intel ta ƙara wa firosesocinta fasahar VT-x a 2005, AMD kuma ta biyo da AMD-V a 2006, sannan firosesa da kanta ta san bambancin mai masauki da baƙo. Wannan tarihi yana da amfani kai tsaye ga mai kwamfutar gida, domin shi ne yake bayyana abin da ya sa matakin farko na kafa baƙo yake farawa tun kafin Windows ta tashi.

Kamfanoni da dama sukan fitar da kwamfutocinsu da wannan fasaha a kashe, musamman tsofaffin kwamfutocin ofis irin waɗanda ake shigo da su na hannu, kuma su ne suka fi yawa a gidaje da shagunan buga takardu. Mai Windows yana iya dubawa a Task Manager, a shafin firosesa, inda layi guda yake nuna ko a kunne take. Idan a kashe take, sai a sake tayar da kwamfutar a shiga saitin BIOS ko UEFI, wato ƙaramar manhajar da ke manne a jikin allon na'ura wadda ke fara farkawa kafin komai, ta hanyar danna wani maɓalli da zarar tambarin kamfani ya bayyana: F10 a yawancin kwamfutocin HP, F2 a na Dell, F1 a ThinkPad, Del kuma a kwamfutocin tebur da yawa. Sunan saitin yakan bambanta, a na'urorin Intel akan ga Virtualization Technology, a na AMD kuma akan ga SVM, kuma sau da yawa a ɓoye yake ƙarƙashin shafin tsaro ko na saitin firosesa. Wanda ya tsallake wannan mataki zai ga manhajar ta ƙi tayar da baƙon ta fito da saƙon kuskure mai ambaton VT-x, kuma mutane da yawa a nan suke yanke hukuncin cewa kwamfutarsu ba za ta iya ba, alhali layi ɗaya ne ba a kunna ba.

Zaɓen haifabaiza bai kai yadda ake jayayya a kansa wahala ba. Akwai irin da ke zama kai tsaye a kan ƙarfen na'ura ba tare da wata babbar manhaja a ƙarƙashinta ba, kamar Xen da ta fito daga Jami'ar Cambridge ta Ingila a 2003, kuma wannan ta manyan cibiyoyin ajiyar bayanai ce. Ta gida ita ce wadda ake girkawa kamar kowace manhaja. VirtualBox, wadda kamfanin Innotek na Jamus ya saki kyauta a 2007, ta koma hannun Sun a 2008 sannan Oracle a 2010, ita ce mafi sauƙin farawa kuma tana aiki a Windows da Linux da Mac, sai dai ƙarin kunshinta mai suna Extension Pack yana da lasisi dabam wanda kyautarsa ba ta haɗa da amfanin kasuwanci ba. VMware Workstation Pro, wadda a da ake saye, ta zama kyauta a 2024 bayan Broadcom ya sayi kamfanin. Hyper-V tana cikin Windows ta Pro da Enterprise da Education amma babu ita cikakkiya a Home, mai Linux kuma yana da KVM a cikin ƙwayar tsarinsa tun 2007, wadda ake haɗawa da manhajar kwaikwayo ta QEMU. Masu sababbin kwamfutocin Apple, daga M1 na 2020 zuwa sama, suna da wani lamari na daban, domin firosesarsu ta dangin ARM ce, ba za ta iya saukar da baƙon x86 kai tsaye ba sai ta hanyar fassara kowane umarni ɗaya bayan ɗaya, wanda tafiyarsa ta hawainiya ce.

Akwai wani rikici da ya cancanci a san shi tun da wuri. Fasahar VT-x fatoma ɗaya take karɓa a lokaci guda, kuma Windows ta zamani takan riga kowa kama ta idan an kunna Hyper-V, ko WSL2 mai gudanar da Linux a cikin Windows, ko kariyar nan da ake kira Memory Integrity. A irin wannan hali VirtualBox ba ta mutuwa, tana komawa ta yi aiki ƙarƙashin haifabaizar Microsoft, kuma alamar haka ita ce wani ɗan koren kunkuru da yake bayyana a ƙasan tagar baƙo ta hannun dama. Masu manhajar ba su zaɓi kunkuru a banza ba. Duk wanda baƙonsa ke jan ƙafa ba gaira ba dalili, wannan kusurwa ya kamata ya fara dubawa kafin ya zargi ƙarancin ma'adana.

Daga nan sai rabo, kuma a nan ne hankali ya fi aiki. Ma'adanar wucin gadi, wato RAM, ita ce wurin da kwamfuta ke shimfiɗa abin da take aiki a kai a daidai wannan lokaci, kuma duk abin da aka ba baƙo daga cikinta an cire shi ne daga rabon mai masauki muddin baƙon yana kunne. Kwamfuta mai gigabait 8 da ke tafiyar da Windows 11 takan cinye kusan rabin wannan kafin a buɗe wani abin kirki, saboda haka wanda ya ba baƙonsa gigabait 6 don ya yi gudu, abin da zai samu shi ne akasin haka: mai masauki zai shiga ƙunci, ya fara kwashe abubuwa daga RAM yana jibgewa a faifai, kuma tunda baƙon a kan mai masaukin yake tsaye, duka biyun za su durƙushe tare. VirtualBox tana da ma'aunin ja-da-hannu mai launi a wurin wannan saiti, kore a farko, ja a ƙarshe, kuma iyakar koren shawara ce ta gaskiya. A irin wannan kwamfuta, baƙon Linux mai sauƙin nauyi kamar Lubuntu ko Linux Mint ta Xfce zai zauna lafiya da gigabait 2, amma Windows 11 a matsayin baƙo tana neman aƙalla gigabait 4 na RAM da 64 na faifai, da kuma guntun tsaro na TPM 2.0, wanda VirtualBox ta fara kwaikwayonsa a fitowa ta 7.0 a 2022. Mai gigabait 4 gaba ɗaya gara ya ƙara ma'adana kafin ya fara, domin kuɗin hakan bai kai ɓacin ran da zai sha ba.

Haka lissafin yake game da ƙwayoyin firosesa, wato sassan da kowannensu ke iya gudanar da aiki shi kaɗai. Ba baƙo duka ƙwayoyi huɗu a na'ura mai huɗu ba ya ƙara masa sauri yadda ake zato, saboda karatun faifansa da saƙonninsa na intanet duk mai masauki ne ke yi masa su, kuma shi ma yana bukatar inda zai tsaya. Rabi ya wadatar a mafi yawan ayyuka. Faifan baƙo kuwa fayil ne guda a cikin faifan mai masauki, mai ƙarshen suna VDI a VirtualBox, VMDK a VMware, VHDX a Hyper-V, qcow2 a QEMU. Ana iya yanke masa girmansa duka tun farko, ana kuma iya barinsa ya riƙa kumbura gwargwadon abin da aka zuba masa har ya kai iyakar da aka sa, kuma wannan na biyun ne ya fi dacewa da gida. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne fayil ɗin yana kumbura amma ba ya sacewa da kansa, ko da an goge abubuwa a cikin baƙon, sai an matse shi da umarni na musamman. Bambanci mafi girma da mutum zai ji a jikinsa shi ne na irin faifan: tsohon faifai mai juyawa yana da allura ɗaya da manyan manhajoji biyu ke fizga kowacce zuwa nata ɓangaren, faifan zamani na SSD kuwa ba shi da abin da ke motsi. Sannan akwai zafi, domin laftof da ke ɗauke da tsari biyu a watan Afrilu, fankarta cike da ƙurar hunturun da ya wuce, takan rage gudun firosesarta da kanta don kada ta ƙone, kuma babu saitin da zai gyara wannan sai buɗewa a share.

Girka baƙo yana bukatar fayil ɗin ISO, wato kwafin faifan girkawa da aka dunƙule a fayil ɗaya, wanda haifabaiza ke saka wa baƙo kamar an zura masa CD. Na Ubuntu, wani nau'in Linux, na kwanan nan ya haura gigabait 5, abin da ya sa mutane suka fi karɓar kwafi a filasha daga hannun aboki maimakon ƙona data, kuma babu laifi a hakan matuƙar an gwada lambar SHA-256 ta fayil ɗin da wadda masu tsarin suka wallafa a shafinsu, domin ko ɗigo ɗaya ya canza a cikinsa lambar za ta bambanta gaba ɗaya. A tsakiyar girkawa akwai wurin da sabon shiga ke tsayawa hannunsa na rawa, inda allo ke gargaɗin cewa za a goge faifai duka a ɗora sabon tsari. Faifan da ake nufi shi ne wancan fayil na kwaikwayo wanda babu komai a cikinsa, kuma girman da aka nuna, gigabait 25 ko duk abin da aka yanka, shi ne shaida. Hotuna da takardun mai masauki baƙon bai ma san da su ba. Wani abin da ke tsorata mutane shi ne linzamin kwamfuta da ke maƙalewa a cikin tagar baƙo ya ƙi fita, kuma maganinsa a VirtualBox shi ne maɓallin Ctrl na dama. Bayan an girka kunshin Guest Additions, ko VMware Tools a ɗaya manhajar, wannan yakan wuce, allo ya riƙa bin girman taga, a kuma samu damar kwafe rubutu tsakanin ɓangarorin biyu.

Hanyar sadarwa tana da salo uku da mai gida zai bukata. A salon NAT, wanda shi ne na asali, baƙo yana fita intanet da sunan mai masauki, VirtualBox ta ba shi adireshin 10.0.2.15, kuma babu wata na'ura a waje da za ta iya fara ƙwanƙwasa masa ƙofa. A salon gada, baƙo yana karɓar nasa adireshi daga rauta, wato na'urar da ke raba intanet, kamar kowace waya a gidan, kowa yana ganinsa, wanda shi ake so idan ana gwada sabar yanar gizo. Salo na uku yana haɗa baƙo da mai masauki kaɗai, babu fita waje. Mai amfani da datar waya yana da abin lura a nan: ko da an gaya wa mai masauki cewa layin na awo ne don ya daina sauke sabuntawa, baƙon bai ji wannan magana ba, domin shi abin da yake gani katin sadarwa ne mai igiya irin na ofis marar iyaka, kuma sabuwar Windows da aka girka tana iya lashe datar wata guda a dare ɗaya idan ba a saita ta ita ma ba.

Babbar ribar dukkan wannan wahala ita ce hoton hali, wato damar daskarar da baƙo a yadda yake a wani lokaci domin a dawo wurin daga baya. Idan aka ɗauki hoton, haifabaiza takan kulle faifan asali ta buɗe sabon fayil inda duk canjin da ya biyo baya zai riƙa sauka, komawa baya kuwa zubar da wannan sabon fayil ne kawai, abin da ba ya ɗaukar minti guda. Ɗalibin da ke koyon Linux yana iya bayar da umarnin da zai rusa tsarin gaba ɗaya don ya ga yadda rushewar take, mai gyaran kwamfuta yana iya gwada manhajar da bai yarda da ita ba, kowannensu kuma ya koma inda ya taso kamar ba a yi ba. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, kuma a wannan fanni maganar ta zauna daidai. Sai dai hoton hali ba ajiyar kariya ba ce, ko da yake mutane da yawa haka suke ɗaukarsa. Kowane hoto a kan na bayansa ya dogara kamar zoben sarƙa, duka kuma a faifai ɗaya suke, ta yadda idan faifan ya mutu ko zobe ɗaya ya lalace, abin da ke gabansa ya tafi. Inda wuta ke ɗaukewa ba sallama wannan haɗari na kullum ne, musamman ga kwamfutar tebur marar batirin ajiyar wuta na UPS ko laftof da batirinta ya mutu, kuma lokaci mafi muni shi ne sa'ad da ake goge wani tsohon hoto, domin a lokacin ne ake narkar da fayiloli biyu su zama ɗaya. Ajiya ta gaskiya ita ce a kashe baƙon, a fitar da shi a matsayin fayil ɗin OVA ko a kwafe jakarsa duka zuwa wani faifai na waje.

Batun tsaro yana bukatar a auna shi da kyau. Katangar da ke tsakanin baƙo da mai masauki tana da ƙarfi, kuma tsallake ta abu ne mai wuya, ko da yake ya taɓa yiwuwa: a 2015 an gano wata ɓaraka da aka sa wa suna VENOM a cikin kwaikwayon na'urar faifan fulofi na QEMU, wani sashe da kusan babu mai amfani da shi, wadda ta shafi Xen da KVM da VirtualBox. Amma a gida, abin da ya fi faruwa shi ne mai kwamfutar da kansa ya huda katangar don neman sauƙi. Jakar da aka raba tsakanin ɓangarorin biyu da izinin rubutu, ƙwayar cutar da ke kulle fayiloli don neman fansa za ta kulle abin da ke cikinta kamar yadda za ta yi wa kowace jaka, kuma salon gada yana sanya baƙo mai cuta a zaure ɗaya da sauran na'urorin gidan. Wannan ya fi shafar masu ajiye Windows XP ko Windows 7 saboda wata tsohuwar manhajar lissafin kuɗi ko na'urar buga takardu da ba ta da direba a sabon tsari. Dalili ne mai kyau na kafa baƙo, amma Microsoft ta daina tallafa wa XP a Afrilun 2014, Windows 7 kuma a Janairun 2020, kuma harin WannaCry na Mayun 2017 ya nuna yadda cuta ke bin hanyar raba fayiloli ta shiga na'urorin da ba a sabunta ba, ba tare da kowa ya danna komai ba. Irin wannan baƙo a cire masa katin sadarwa gaba ɗaya a cikin saiti, a miƙa masa na'urar bugun ta USB, a bar shi da aikinsa guda. Ya kamata kuma a sani cewa Windows da ke zaune a matsayin baƙo tana bukatar lasisinta na kanta, na mai masauki ba ya rufe ta.

Akwai ayyukan da baƙo ba ya yi da kyau, kuma gyaran bidiyo mai nauyi da wasannin zamani suna kan gaba, domin katin hoton da yake gani na kwaikwayo ne. Mai irin wannan bukata gara ya raba faifansa ya girka tsarin biyu gefe da gefe, ya riƙa zaɓar ɗaya a lokacin tashi. Idan kuma aikin baƙo ya ƙare aka zo sallamarsa, VirtualBox takan tambaya ko a cire sunansa ne kawai daga jeri ko a goge fayilolinsa duka. Zaɓi na farko yana barin faifansa da hotunan halinsa a cikin jakar VirtualBox VMs, inda za su ci gaba da riƙe gigabait masu yawa har sai an bi su an goge da hannu, na biyun kuwa yana shafe su nan take, ba tare da sun bi ta kwandon shara ba.